Tabaran Ninƙaya a Ruwan da Ba a Ganin Ƙasansa: Bayani Daga Gaɓar Kudu ta Kogin Kaduna

Tsakure

Maƙalar nan ta yi bayani ne a kan tabaran da masu ninƙaya suke sanyawa, musamman masu shirin shiga gasar tirayatalon, wadda ake yin iyonta a kogi ko tafki ko teku. An ɗauki Kogin Kaduna, kamar yadda mazauna unguwannin kudancinsa suka san shi, a matsayin ma'auni. Maƙalar ta nuna cewa a ruwa mai laka aikin tabarau biyu ne: kare ido, da bai wa mai iyo damar hango inda ya dosa duk lokacin da ya ɗaga kai. Daga nan ta fitar da ma'aunan zaɓi, ta kuma yi nuni ga haɗurran da tabarau ba ya kawarwa, tare da ba da shawarar kalmomin da za a iya koyar da wannan fanni da su a Hausa.

1.0 Gabatarwa

Tirayatalon gasa ce ta wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: iyo, tseren keke, sannan gudu. An fara ta a siffarta ta yanzu a San Diyego ta Amurka a 1974, aka kafa hukumarta ta duniya a Faransa a 1989, ta kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. A ma'aunin Olamfik ɗan wasa yakan yi iyon mita 1,500, ya tuƙa keke kilomita 40, ya rufe da gudun kilomita 10. Gasar ba ta yi jijiya a ƙasar Hausa ba kamar ƙwallon ƙafa ko dambe, amma kayan aikinta sun riga ta isowa. Ana samun tabaran iyo a shagunan kayan wasanni da wajen 'yan gwanjo, matasa kuma suna saye su tafi da shi kwamin ninƙaya na otal ko bakin kogi, galibi ba tare da wani ya yi musu bayanin abin da ya dace da fuskarsu da irin ruwan da za su shiga ba.

Kudancin Kogin Kaduna wuri ne da ya dace a duba wannan batu daga cikinsa. Unguwanni irin su Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi, Nasarawa da Sabon Tasha sun tara Gbagyi, Bajju, Atyap, Ham, Hausawa, Yarbawa, Ibo da wasu al'ummu da dama, Hausa kuwa ita ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da tasha da filin wasa. Ke nan duk bayanin da aka tsara da Hausa a kan lafiyar ido da tsaron rai a cikin ruwa zai kai ga mutanen da suka fi Hausawan asali yawa a wannan yanki.

2.0 Kalmomin Ruwa a Bakin Bahaushe

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin da suka shafi shiga ruwa. Akwai iyo da ninƙaya, wadda wasu ke cewa linƙaya, ga tafiya a saman ruwa. Akwai nutso ko nitso, da kurme, ga shiga ƙarƙashinsa. Akwai su ga kamun kifi, da fito ga ƙetarar da mutane a kwalekwale. Wannan rabe-rabe yana da amfani a nan, domin abin da idon mai iyo yake buƙata daban yake da na mai nutso, kamar yadda za a gani a gaba.

Game da sunan abin kansa, ana jin mutane suna cewa gilashin ruwa, ko gilashin wanka, ko tabarau kawai. Maƙalar nan ta zaɓi tabaran ninƙaya. Dalili shi ne kalmar gilashi tana ɗaukar tagar mota da madubi da kofi, ga shi kuma ba a yin wannan abu da gilashi, da wata roba mai tauri da ake kira folikabonet ake yin sa. Tabarau kuwa abin da ake ɗorawa a ido kaɗai yake nufi. Sassansa huɗu ne, kuma za a kira su kamar haka: madubi, wato ɓangaren da ake gani ta cikinsa, leɓe, wato roba mai taushi da ke mannewa a fata, mahaɗi, wanda ke kwanciya a kan karan hanci, sai maɗauri, wanda ke zagaya ƙeya.

3.0 Dalilin da Ya Sa Ido Ba Ya Gani Sosai a Ruwa

Gani yana samuwa ne idan haske ya lanƙwashe yayin shigarsa ido, ya taru a wuri ɗaya a bangon baya. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan lanƙwasa yana faruwa ne a fatar gaban ido mai gare-gare, wadda likitoci ke kira koniya, domin a nan ne haske yake barin iska ya shiga nama. Masana sun auna ƙarfin lanƙwasa haske na iska a kan 1.00, na ruwa a kan 1.33, na koniya kuwa kimanin 1.38. Tazarar da ke tsakanin iska da koniya babba ce, shi ya sa ido yake aiki a sarari. Da zarar ruwa ya maye gurbin iska, tazarar sai ta kusa ɓacewa, haske ya shiga kusan a miƙe, abubuwa su zama dishi-dishi ko da ruwan ya kai na randa tsabta.

Aikin tabaran ninƙaya shi ne ya tsare 'yar iska a gaban ido, domin koniya ta ci gaba da aikinta kamar tana sarari. Madubinsa, in ba na magani ba ne, ba ya ƙara wa ido komai. Akwai dai ɗan ruɗi da ke biyo baya: ta cikin madubi shimfiɗaɗɗe abin da ke cikin ruwa yakan bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

An samu al'ummar da 'ya'yanta suka rage wannan matsala ba tare da tabarau ba. A 2003 Anna Gislén ta Jami'ar Lund a Suwidin ta wallafa bincike a kan yaran Moken, masu rayuwa a gaɓar tekun Tailan da Bama, inda ta gano suna gani a cikin ruwa kusan ninki biyu na yaran Turai, saboda sun saba tsuke ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin idonsu. Sai dai ruwan tekunsu garau yake. A ruwan da laka ta cika, babu tsukewar ido ko tabaran da zai sa a ga abin da laka ta rufe.

4.0 Yadda Tabarau Ya Shigo Wasan Ninƙaya

Masu iyon dogon zango a teku ne suka fara neman tabarau, kuma kariya daga gishiri suka nema. Thomas Burgess, mutum na biyu da ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo, ya yi hakan a 1911 sanye da tabaran masu tuƙa babur. Gertrude Ederle, mace ta farko da ta ƙetare shi a 1926, ita ma irinsa ta sanya, aka liƙe gefensa da kakin kyandir don kada ruwa ya shiga. A gasar kwami kuwa an daɗe ana iyo da ido tsirara. David Wilkie na Sikotlan ya yi fice da sanya tabarau a wasannin ƙasashe renon Ingila na 1970, sannan aka fara ganin sa a Olamfik a Montiriyal a 1976.

Daga nan ƙirar tabarau ta rabu biyu. Masu tseren kwami suka koma ga ƙananan tabarau da ke shigewa cikin kwarmin ido, domin rage jan ruwa a tseren da ake raba na ɗaya da na biyu da ɗan ƙiftawar ido. Masu iyon kogi da teku kuwa suka riƙe manya masu faɗin madubi da leɓe mai taushi. Abin da ya faru da Michael Phelps a Beijin a 2008 ya nuna bambancin wuraren biyu. A tseren mita 200 na salon malam-buɗe-littafi tabaransa ya cika da ruwa, amma ya ƙirga bugun hannunsa har ya kai bango, ya kuma kafa sabon tarihi. Ya iya yin haka ne domin tsawon kwami sananne ne, kuma igiya ta tsare masa hanya dama da hagu. Mai iyo a kogi ba shi da bango ko igiya.

5.0 Kogin Kaduna a Matsayin Ma'auni

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara. A cikin birnin Kaduna yana gangarawa ne daga wajen gabas zuwa wajen yamma. Da damina, musamman a Agusta da Satumba, yakan cika ya yi jajir da laka, igiyarsa ta yi ƙarfi, har ya yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2003 da 2012. Da rani yakan janye, duwatsu da tsibiran yashi su fito. A gaɓarsa ta kudu ne aka kafa masana'antun birnin, tun daga masaƙar Kaduna da ta fara aiki a Kakuri a 1957, har zuwa kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma magudanan Kakuri da Makera suna kai ruwan unguwanni da na masana'antu cikin kogin.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan ruwa su ne masunta, masu fito da masu haƙar yashi, kuma sanin nasu bai dogara ga gani a ƙarƙashin ruwa ba. Da hannu da tafin ƙafa suke gane yashi da laka da dutse. Haka abin yake a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Dubban masunta sukan faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, ruwan ya dagule nan take, wasu kuma su kama kifi da hannu ta hanyar lalube. Idon masunci yana aiki ne a sama: yana karanta launin ruwa, da inda yake juyawa, da bishiya ko dutsen da ya sa wa alama a gaɓa.

Wannan shi ne darasin da mai shirin tirayatalon zai ɗauka daga masunta. A kwami yana bin baƙin layin da aka zana a ƙasa. A kogi ko tafki kuwa dole ya riƙa ɗaga kai bayan kowane 'yan bugu, ya hango manyan balan-balan na alama da aka kafa a kan ruwa, ya gyara hanya, ya mayar da fuska. Wannan hange ba ya wuce daƙiƙa ɗaya. Tabaran da ya dace da shi shi ne wanda zai sa wannan daƙiƙa ta wadatar.

Ɗan lissafi zai fito da girman abin. A ɗauka mai iyo yana cin mita 100 a minti 2. Zai gama mita 1,500 a minti 30. Idan rashin gani ya sa ya karkace har tafiyarsa ta ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, ya ƙara wa kansa mita 75, wato minti ɗaya da rabi. Ribar da ƙaramin tabarau zai ba shi wajen rage jan ruwa ba ta kusa da wannan asara ba. Saboda haka a buɗaɗɗen ruwa jin daɗin tabarau da saurin tafiya hanyarsu ɗaya.

6.0 Ma'aunan Zaɓi

6.1 Dacewa da Fuska

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma ana iya gwada shi a shago. Mai saye ya ɗora tabaran a idonsa ba tare da ya sa maɗauri ba, ya ɗan danna, ya saki. Idan ya manne na 'yan daƙiƙu, leɓensa ya dace da ƙashin fuskar. Idan ya faɗo nan take, zai yi yoyo a ruwa komai tsadarsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yawancin tabarau ana ƙera su ne a kan fuskokin wasu nahiyoyi, alhali faɗin karan hanci da zurfin kwarmin ido sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Don haka wanda ya zo da mahaɗi iri-iri da ake iya sauyawa ya fi wanda aka zuba shi a dunƙule. A kayan gwanjo kuwa a lura da leɓen: silikon mai kyau yana lanƙwashewa ya koma daidai, wanda rana ta cinye kuwa yakan yi tauri ko ya tsattsage.

6.2 Maɗauri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara ɗaure maɗauri don hana yoyo. Leɓe ne yake hana ruwa shiga, maɗauri riƙewa kawai yake yi. Ɗaurin da ya wuce kima yana jawo ciwon kai da zobe a gefen ido, abin da mai tseren mita 50 zai iya jurewa amma mai rabin sa'a a ruwa ba zai iya ba, ga keke da gudu suna jiran sa. Binciken likitocin ido ya kuma nuna cewa ƙananan tabarau masu danna gefen ƙwayar ido suna ɗaga matsin da ke cikinta muddin suna fuska. Mai fama da gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ya kamata ya nemi shawarar likita, kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana nan cikin Kaduna. Maɗauri mai reshe biyu ya fi zama a ƙeya. Da yake 'yan tirayatalon suna faɗawa ruwa ne a tare, ana shan duka da hannu da ƙafa, da yawa sukan sa maɗaurin a ƙarƙashin hular iyo don kada a fizge shi. A irin wannan turmutsutsu tabarau mai faɗin leɓe, wanda ke zaune a kan ƙashi, ya fi wanda ke cikin kwarmin ido sauƙin rauni idan ƙafar wani ta same shi.

6.3 Faɗi da Launin Madubi

Madubi mai lanƙwasa zuwa gefe yana bari a ga na dama da na hagu ba tare da an juya wuya ba. Launi kuwa ya danganta da lokaci. Tun da kogin yana bin layin gabas da yamma, wanda ya fuskanci sama da safe ko ya bi gangare da yamma rana ce za ta tare masa ido, ga ƙyallinta a kan ruwa. A nan madubi mai duhu, ko mai fuskar azurfa, ko wanda aka yi don kashe ƙyalli, shi ya dace. Da asuba, ko ranar hadari, ko lokacin hunturu da hazo ya rufe gaɓa, fari ko mai ruwan ɗorawa ya fi, domin mai duhu zai ƙara ɓoye alamar da ake nema. Wanda ba shi da halin sayen biyu ya nemi mai ɗan duhu kaɗan. Mai sanya tabaran likita kuma yana iya samun na ninƙaya mai lambar idonsa. Shiga ruwa da madubin nan da ake mannawa a ƙwayar ido haɗari ne, domin ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a ƙarƙashinsa su ci koniya.

6.4 Gumi

Madubi yana yin gumi ne idan ɗumin fuska ya haɗu da sanyin ruwa, shi ya sa abin ya fi tsanani da hunturu. Sabon tabarau yana zuwa da wani siririn shafi a ciki mai hana gumi, kuma goge shi da yatsa ko tawul yana kankare shi. Abin da ya dace shi ne a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa, a ajiye a cikin kwansonsa. Idan shafin ya ƙare, ɗigon sabulun wankan jarirai da aka tsarma da ruwa yana taimakawa, haka ma yawu, wanda masu iyo suka daɗe suna amfani da shi. Ba a shiga gasa da tabaran da ba a taɓa gwada shi a ruwa ba.

7.0 Abin da Tabarau Ba Ya Yi

Tabaran ninƙaya ba na nutso ba ne. Kowane zurfin mita 10 yana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin duniya, iskar da ke cikin tabaran kuma sai ta matse ta riƙa zuƙar ido. Gilashin masu nutso yana rufe hanci, don haka mai shi yana iya hura iska ya daidaita. Na ninƙaya ba shi da wannan kafa, kuma mai haƙar yashi ko mai kurmen da ya nitsa da shi sosai yana iya fitowa da jini kwance a ido. A nan ne bambancin da Hausa ta yi tsakanin iyo da nutso ya zama gargaɗi.

Haka kuma tabarau ido kaɗai yake karewa. A kwami yana tare ruwan kulorin da ke sa ido ja. A kogi yana tare yashi da ƙazanta. Amma tsutsar tsargiya, wadda ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta fata take shiga, cututtukan ciki kuma ta ruwan da aka haɗiya. Ko a Paris, a Olamfik na 2024, sai da aka ɗage gasar tirayatalon ta maza da kwana ɗaya saboda ruwan sama ya gurɓata kogin da za a yi iyon. Idan haka ta faru a inda ake auna ruwa kullum, mai son atisaye kusa da bakin magudanan Kakuri da Makera yana da dalilin neman wani wuri.

Babban haɗari shi ne ƙarfin halin da tabarau yake sa wa wanda bai ƙware ba. Yaron da ruwa ke shigar masa ido yakan tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Ranar da ya sami tabarau sai ya ƙara gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma yara da matasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tabarau ba ya nuna ramin da aka haƙe yashi, ba ya rage ƙarfin igiyar Agusta. Don haka a fara koyo a kwami a gaban mai koyarwa, a kuma koyi yadda ake juyawa rigingine a zubar da ruwan tabarau ba tare da firgita ba. Ranar da za a shiga buɗaɗɗen ruwa a tafi da abokin iyo da mai kwalekwale, a kuma tambayi masuntan wurin, domin su suka san inda ruwa yake juyawa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tabaran ninƙaya iska yake tsarewa a gaban ido, kuma a ruwa irin na Kogin Kaduna amfaninsa yana ga kariya da hangen abin da ke sama. Ma'aunan zaɓinsa a jere su ne dacewa da fuska, sassaucin maɗauri, faɗin madubi, launin da ya dace da lokaci, sannan kula da gumi. Suna da tsada suna zuwa ne bayan waɗannan. Ga manazarta Hausa kuwa akwai aiki biyu a gaba. Na farko shi ne tattara kalmomin masunta da masu fito da masu haƙar yashi na gaɓar Kaduna a kan yanayin ruwa, tun masu su suna raye. Na biyu shi ne daidaita sunayen sababbin kayan wasanni, domin mai koyarwa a Barnawa ko Sabon Tasha ya iya gargaɗin ɗalibinsa da harshen da yake ji. Bahaushe ya ce iya ruwa fid da kai, kuma koyar da wannan iyawa yana buƙatar kalmomin da mai koyo zai gane tun yana kan tudu.